Bel Ɗin da Ban Mayar Ba

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Bawa da kuka tashi a gidan nan kuna ce mini Baba, akwai maganar da na daɗe ina bari kuna faɗa a gabana ban gyara muku ba. Kuna cewa Yaya ya taɓa injin da ba a ce ya taɓa ba, shi ya sa ya rasa hannu, ni kuma na riƙe iyalinsa saboda Allah. Ran sunan ɗan Rabi, babbar 'yar Yaya, na ji ta tana gaya wa dangin mijinta haka, har da sa mini albarka. To ba haka aka yi ba. Idona ya fara tafiya, in ban rubuta yanzu ba shi ke nan. Ku daure ku karanta har ƙarshe, sannan kowa ya riƙe ni yadda ya ga dama.

Kun san shagona na bakin hanyar tasha a nan Talata Mafara, amma ba ku san shi lokacin da yake shago ba. A wancan lokacin duk mai injin ban ruwa daga nan har Bakura da Maradun, in ƙarfe ya karye masa, wurin Labbo zai kawo. Abin da na fi kowa da shi kuwa injin nan ne na huda da sassaƙar ƙarfe, wanda muke ce wa milin. Tsoho ne, na same shi a hannun wani da ya yi aiki a madatsar ruwa, amma ba ya ƙarya. A samansa akwai murfi, in ka ɗaga za ka ga bel a kan fuli, wato gargaren da ke juya shi, mai hawa-hawa, inda ka sa bel ɗin nan shi ne gudun da sandar injin za ta yi. Ƙaramin baki, wato ɗan ƙarfen da ke yin hudar, gudu yake so. Babban baki kuwa sannu yake so, haka ƙarfe mai tauri, sai a hankali ana ɗiga masa mai. Akwai wani allo na lambobi a jikin murfin, ni ban taɓa damuwa da shi ba, da kunne nake aiki. In gudu ya yi yawa injin kuka yake, ɓarɓashin ƙarfen ya fito shuɗi yana hayaƙi. In ya dace sai ka ji yana gurnani a natse, ɓarɓashin na fita a nannaɗe. Kuma ina da dokoki da duk unguwar ta san ni da su, don ba na faɗinsu da sanyin murya. Ba a riƙe ƙarfe da hannu, sai an damƙe shi a bais, abin matse ƙarfe da ke kan tebur. Ba a barin makullin ɗaure baki a jikin injin. Ba a share ɓarɓashi da yatsa. Ba a zuwa kusa da riga mai hannu. Ta ƙarshen kuma tawa ce ni kaɗai: ko fitsari zan zagaya, sai na kashe wuta na mayar da bel kan mafi sannu, domin duk wanda ya zo bayana ya tarar da injin a kwance. Na taɓa korar wani ɗan kasuwa mai ji da kansa daga shagon don ya leƙo da rawani a sake, har yau ba ya gaishe ni, kuma ban damu ba.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda 'yan bindiga suka tashe su Yaya daga Gidan Goga. Ba zan tsaya kan wannan ba, manyanku sun gani da idonsu. Shanun noma biyu, rumbu uku, duk aka tafi da su ko aka ƙone. Ya iso mini da hantsi a bayan motar itace, shi da matarsa Tumba da yara, ba abin da ya fito da shi sai babbar rigar da ke jikinsa, shuɗiya, wadda yake zuwa Juma'a da ita. Ku fahimci wane ne Yaya a wurina. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara bakwai, shi ya yi mini kaciya, shi ya kai ni koyon aiki, shi ya nema mini Luba uwarku. Ban taɓa kiran sunansa kai tsaye a gabansa ba. Ban taɓa sa hannu a kwano kafin shi ba, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a Gidan Goga ake yin shiru. Sai ga shi a zaurena yana jiran a kawo masa koko.

Sati biyu ya yi a zauren, ran na goma sha biyar na fito na tarar da shi tsaye da takalmi a ƙafa.

"Labbo, zaman nan kashe ni za ya yi. Mu tahi shagon, ko tsintsiya ce in riƙa."

"Yaya, wace irin tsintsiya kuma? Ka zo dai ka zauna ka sha iska."

"Ban zo Mafara shan iska ba."

Haka ya fara bina. Kuma wallahi mutumin yana da hannu. Cikin wata guda ya san sunan kowane baki, ya san makulli, in na miƙa hannu kafin in yi magana ya sa mini abin da nake so. Yana tsayawa dab da kafaɗata yana kallon yadda nake saukar da hannun injin. Sai dai kullum da rigar nan yake zuwa. Luba ta ɗinka masa 'yan ciki biyu, ya karɓa ya yi godiya, ya sa su a ƙarƙashinta. Zai naɗe hannayen rigar ya ɗora a kafaɗa yadda dattawa ke yi, in ya sunkuya su zamo, ya sake naɗewa. Ni da na kori mutum kan rawani, ina kallo, bakina ya ƙi buɗuwa. Ta yaya zan dubi wanda ya raine ni, a bakin titi, gaban masu kabu-kabu da masu kawo aiki, in ce masa tuɓe rigarka? Ita ce kaɗai abin da ya rage da ke nuna shi wani ne. Na riƙa ganin in na sa ya cire ta, na ƙarasa abin da mutanen daji suka fara.

Maƙwabcina Ɗanjuma mai walda, wanda bakinsa ba ya da linzami, shi ya fara yi mini magana, ya ja ni bayan shago.

"Malam Labbo, dokar taka ta talakawa ce kawai? Mu ka hana mu wucewa da gyale, ga tanti guda na yawo kusa da injin."

"Ɗanjuma, ka kama bakinka. Yayana ne."

"Injin bai san yayanka ba ne."

Na zage shi tas, na ce ya koma ya ci gaba da makantar da kansa da wutar walda. Ya yi dariya ya tafi. A gida kuma Luba ta tare ni ina alwala, don ta taɓa kawo mana abinci ta gani.

"Malam, in ba ka iya hwaɗa mashi, ka bari in gaya ma Tumba ta hwaɗa mashi."

"Ki sa mace ta ce ma Yaya ya tuɓe riga? Ke kina da hankali kuwa?"

"To kai mai hankalin, ka yi."

Na ce zan yi. Abin da na yi kuwa shi ne wayon banza. In wani ya kawo aiki, sai in ɗaga murya ina yi wa mai aikin bayani, alhali da Yaya nake. In ce, ka ga wannan ƙarfen naka mai kauri ne, sai an sassauta gudu. In ce, ka ja baya, rigarka na da hannu. Ina faɗa ina satar kallon Yaya, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ana yi wa wani wa'azi. Ban taɓa ɗaga murfin nan na ce masa, Yaya, zo ka ga bel, nan gudu ne, nan sannu ne ba. Koyar da shi na ɗauka raini ne. Bel ɗin ma da sauri nake canza shi, ina ba shi baya, kamar mai ɓoye wani abu. Ya iya komai na injin nan ban da abu biyun da ke kashe mutum.

Da bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa ta gabas, sai labari ya zo cewa an ɗan samu sauƙi a wajen su, wasu sun fara komawa share gona. Wani abokinsa na garin Kaya ya aiko cewa zai ba shi aron shanu na kwana uku in ya zo da garmarsa. Aka tono masa garmar daga cikin tokar gidansa aka kawo Mafara. Itacen ya ƙone, amma ƙarfen na nan, sai dai wurin da ƙusa ke kama shi ya tsage, yana son sabuwar huda babba. Ranar na ga Yaya ya yi dariya har haƙoransa suka fito, rabona da ganin haka tun kafin a tashe su. Ya ajiye ƙarfen a kan teburin injin da hannunsa.

"Huda guda ce, Labbo. Ka yi mani ita in tahi in riga ruwa."

"Gobe in Allah ya kai mu, Yaya."

Aikin minti goma ne. Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce ba na son ya koma. Tsoro nake ji a kashe shi a gonar. Amma wannan ma ban iya faɗa masa ba, sai na riƙa ja masa rai da gobe. Ran farko na ce wuta ba ta da ƙarfi. Ran na biyu na ce bakin ya dakushe sai na wasa. Ran na uku aka yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi ƙamshi, na ga ya tsaya a ƙofar shago yana shaƙa.

Ran na huɗu da safe ina yin wasu ƙananan huda a jikin murfin famfo na alminiyam, na ɗora bel a kan mafi gudu, ana cikin haka aka ɗauke wuta. Sai ga waya daga Bakura, wani manomin shinkafa injinsa ya tsaya, ruwa ya yanke masa, yana roƙona kamar zai yi kuka. Kun san yadda hanya take, in za ka je ka dawo sai ka tashi da wuri, ba mai son la'asar ta yi masa a daji. Na tare motar Bakura, mai motar na ta danna oda a bakin titi. Na kwashi jakar kayan aiki, na kai ƙofa, na tuna bel. Wallahi na tuna. Na juyo na dubi murfin, na ce a raina ai ba wuta, kuma yanzu zan dawo. Na ce wa Yaya ya kula mini da shago, ya ce a dawo lafiya. Ƙarfen garmar na nan a gefen tebur inda ya ajiye shi kwana huɗu.

Abin da ya biyo baya daga bakin Ɗanjuma na ji. Aka kawo wuta kafin azahar. Yaya ya tashi ya cire ƙaramin bakin, ya zaɓi babban, wanda ya dace kuwa, bai yi kuskure ba, ya ɗaure shi da makulli ya zare makullin kamar yadda ya ga ina yi. Ya ɗora ƙarfen, ya danne shi da hannun hagu, don ƙarfen garma a lanƙwashe yake, bai san yadda ake kama irinsa a bais ba. Ya kunna. Ɗanjuma ya ce daga shagonsa ya ji kukan injin ya san ba lafiya, ya jefar da abin walda ya taso. Kafin ya iso bakin ya cije a cikin ƙarfen, ya fizge shi, ƙarfen ya shiga juyawa kamar fanka. Da Yaya ya ja baya da shi ke nan. Amma garmarsa ce. Ya saki hannun injin ya kai hannun dama zai cafke ta, naɗin rigar ya zamo daga kafaɗa, sandar ta kama. Ɗanjuma ya fizge fis ɗin wuta na bango, amma a wannan gudun kafin ka ƙifta ido ta yi abin da za ta yi. Da a kan sannu na bar bel ɗin, ko da ya cije, da bel ɗin ya zame ko injin ya tsaya, mutum ya sami lokacin janye jiki. Na san wannan kamar yadda na san sunana, aikina ne.

Ina durƙushe a bakin fadama hannuna cikin laka waya ta shigo. Ban san yadda na iso Mafara ba. Na tarar an kai shi asibiti, daga nan aka ce a wuce da shi gaba, muka wuce. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ba abin da za a ɗinka. Suka yanke. Da ya farfaɗo, mutane sun cika ɗakin, surukai da 'yan Gidan Goga da ke gudun hijira, wani dattijo ya tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"Laihina ne. Yaron nan ba ya nan. Ni na taɓa mashi kaya ban tambaya ba."

Aka yi ta cewa ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara ce. Ɗanjuma na tsaye a bakin ƙofa, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Shi ya ga inda bel yake da ya ɗaga murfin daga baya. Har ya mutu bai faɗa wa kowa ba, kuma bai sake tsokanata ba ko sau ɗaya, abin da ya fi zagi ciwo. Ni kuma na karɓi maganar Yaya na lulluɓa da ita. Washegarin dawowarmu na je shagon da sassafe na mayar da bel kan sannu, na wanke teburin, na ɓoye ƙarfen garmar a ƙarƙashin tarkace.

Damina ta sauka ta wuce, gonar ba wanda ya taɓa ta. Ta biyu ma haka, daga baya muka ji wasu sun shiga suna nomawa. Yaya ya koma zaure, wannan karon bai sake cewa zaman zai kashe shi ba. Ya koyi cin tuwo da hagu, yana jin kunyar abin, sai ya daina ci da mutane. Tumba ke ɗaura masa tazuge. Rigar kuwa, Luba ta wanke ta ta ɗinke inda ya yage, ya ce a ba wani, ba wanda ya iya karɓa. Ni na ciyar, na tufatar, na aurar da Rabi da ƙannenta, gari na ta yabona. Kowane yabo sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Aiki ma ya fita raina, in na kunna milin sai in ji kukan da ban ji da kunnena ba. Na fara mayar da masu kawo aiki, har suka daina zuwa.

A shekara ta uku, ciwon da ya tafi da shi ya fara cinsa. Wata rana bayan la'asar, an yi ruwan farko, muna zaune mu biyu a zaure, sai ya yi magana bai dube ni ba.

"Labbo, hudar nan, ta kai rabi kuwa?"

"Ta kusa rabi, Yaya."

"Ai na ji. Ƙarfen na da kyau." Sannan ya ce, "Ka san na san rigar nan ba ta aiki ba ce? Ina ji kana hwaɗa ma mutane. Kullum in na naɗe ta sai in ce yau Labbo za ya ce in tuɓe. Da ka hwaɗa mani, da na tuɓe, wallahi da murna. Da na san ka ɗauke ni ma'aikaci. Da ka yi shiru sai na ce, to, baƙo ne ni a wurin nan, ana dai haƙuri da ni. Baƙo kuwa ba ya zama da 'yar ciki a bakin titi."

Wata uku ina ganin girma nake ba shi, ashe shi jira yake in ba shi wuri. Na ce a raina yanzu zan faɗa masa sauran. Sai ga shi ya kawo maganar da kansa.

"Abu guda dai ke ba ni mamaki. Ran nan da na kunna shi, wani irin kuka ya yi, ba irin wanda yake yi maka ba. Na ce ko don hannuna bai sani ba ne. Mi ya sa haka?"

Ya juyo ya dube ni. Ba tuhuma a idonsa, tambaya ce kawai ta mutumin da ke son ya fahimci injin da bai gama koya ba. Kalma nawa ce? Yaya, bel ne, ni na bar shi a kan gudu, na tuna kuma na tafi. Na dubi guntun hannun a cikin 'yar cikin da Luba ta ɗinka, na dubi ƙasa.

"Haka yake yi wani lokaci, Yaya."

"To," ya ce. "Allah ya kyauta."

Bai kai kaka ba ya rasu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, kuma ban gaya masa ba. Ya tafi yana ganin hannunsa ne bai iya ba.

Ƙarfen garmar yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin rigar, duk mai son gani ya zo in buɗe masa. Na sha ɗauko shi in ce bari in ƙarasa hudar, sai in rasa wa zan ƙarasa wa. Ba na neman ku ce ƙaddara ce, na san ƙaddara, na kuma san inda na bar bel. Rabi, ran Juma'a kin saba zuwa gaishe ni da furarki a ƙwarya. Zan sa a ba ki wannan takardar tun ran Laraba. Ina nan zaure inda kika saba samuna, in ba ki zo ba, ba zan aika a tambayi dalili ba.